Kada Ku Sa Wa Teburin Wuƙa

Ni Léontine Chaveau, mai zane, matar marigayi Anselme kafinta, nake rubuta wannan da hannuna a ƙauyenmu na bakin kogin Yonne, cikin watan Maris na shekarar 1906. Hankalina ɗaya, ban ruɗe ba, kuma ba wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan rubuta. Ƙafafu dai sun ƙi, numfashi ya fara yi mini rowa, amma ido da kai suna nan daram. Likita ya ce in ci abin da nake so, in sha abin da nake so. Duk wanda ya haura saba'in ya san abin da irin wannan kyauta take nufi.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Octave babba, Sidonie, da Firmin auta. Na so in tara ku in faɗa muku da baki, to amma shekara tara ke nan maza biyun ba sa zama ɗaki ɗaya, ni kuma ba ni da sauran numfashin da zan maimaita magana sau biyu.

Ku sani tun daga farko, abin da ke damuna ba gida ba ne, ba gonar inabi ba ce. Babban zanen nan ne da ke ɗakin aikina, wanda kuke kira Teburin Rana. Na san kuna shirin yanka shi bayan raina, kowa ya ɗauki fuskarsa ya tafi. Zan zo kansa. Bari in fara sallamar ƙananan abubuwa.

Na farko, jana'izata. Firmin ne zai haɗa akwatina, amma kada ya ɓata katako mai kyau, ƙasa ba ta yaba aikin hannu. Octave zai kira fada, wato limamin coci, a shiga da ni coci, a yi abin da ake yi. Wanda ba ya son shiga ya tsaya a bakin ƙofa tare da sauran maza masu taurin kai, hula a hannu, kamar yadda ubanku ya riƙa yi a jana'izar mutane. A bakin kabari Firmin ya yi magana in yana so, Octave kuma ya yi shiru ya saurara har ƙarshe. Na raba muku gawar tun ina da rai, domin na ga yadda kuka yi da ta ubanku, ba kuma zan yarda a ja ni hagu da dama ba.

Na biyu, abin da na bari. Lauya Perrin ya auna komai, ya ce rabon ya yi daidai. Shagon kafinta da kayan aikinsa na Firmin ne, dama shi ke ciki. Gonar inabi ta Octave ce. Na san ba ka san hannun dama na itacen inabi ba, ɗana, ka daɗe a ofishin jirgin ƙasa a Paris, amma za ta ba ka dalilin zuwa gida lokacin girbi. Gida na Sidonie ne, tun da mijinta ya rasu ita ce a cikinsa, ita ta juya ni, ita ta wanke ni. Ƙananan zane-zane ku raba su kashi uku, ba da zaɓe ba, da ƙuri'a, don kada a ce Mama ta fi son wani.

Tukunyar jan ƙarfen da ke kan taga ba tamu ba ce, ta Ursule maƙwabciya ce. Na aro ta ne don in zana yadda hasken safe ke kwanciya a kanta, har yau kuwa ban gama ba. Duk sanda ta leƙo sai ta ce, "Léontine, tukunyar tawa ta gama zaman hoto, ko aure za ta yi a gidanki?" Ku mayar mata, ku haɗa mata da wanda ya fi kyau cikin zanen tukunyar. In ta ce ba ta ga tukunya a ciki ba, kada ku yi musu da ita.

Burushina da akwatin fenti na Sidonie ne. Ke kaɗai kika gaji idona, kin kuma sani. Kin ajiye hannunki ranar da aka ɗaura miki aure, kamar yadda ake so mace ta yi. To miji ya tafi, uwa ma za ta tafi, ba ki da sauran uzuri. Ki ɗauki akwatin ki fita bakin kogi. Za su yi miki dariya. Ni ma sun yi mini, mata a wajen wanki suna cewa, "Ga matar kafinta can, ta sake fita shafe-shafenta, miji kuwa sai ya ci burodi gaya." Dariya ba ta taɓa karya wa kowa ƙashi ba. Abu ɗaya zan roƙe ki: ki zana abin da idonki ya gani, ba abin da kika san yana wurin ba. Kin san dusar ƙanƙara fara ce, amma ki tsaya da yamma ki duba inuwarta, shuɗiya ce.

Na uku, kada a taɓa fuskar aikina. Dillalai za su ce a shafa masa man ƙyalli don ya yi sheƙi irin na gidajen manya. Ku ƙi. Man nan yakan yi rawaya da shekaru, ya mayar da tsakar rana ta koma magariba. Kada a sa shi cikin firam mai ruwan zinariya, a bar shi cikin fararen da ubanku ya haɗa. Wani kuma zai zo ya ce wannan ba a gama shi ba, ya san wani yaro mai hannu da zai ƙarasa. Duk wanda na sa wa sunana na gama shi. Wanda ban sa wa suna ba, rana ce ta juya kafin in kai, ba kuma wanda zai iya dawo da ranar. Ku bar shi yadda yake.

Na huɗu, Teburin Rana.

Kuna tuna yadda aka yi shi, amma tunawar yara ce, ta yunwa da ƙaiƙayi. Bazara uku na yi a kansa. Tebur a ƙarƙashin bishiyar tuffa, farin ƙyalle a kai, burodi, cuku, koriyar kwalbar giya. Octave cikin malafarsa yana jin shi saurayi ne, Sidonie da jar laimarta, Firmin cikin shuɗiyar rigar aiki da ta yi masa yawa, ubanku kuma ya ba ni baya. Hasken da nake so ba ya daɗewa. Daga an kaɗa ƙararrawar tsakar rana zuwa lokacin da inuwar bishiya za ta taɓa bakin rijiya, shi ke nan. In girgije ya tare rana sai kowa ya zauna a jira, ba mai ɗaga cokali, domin in kwano ya ragu launinsa ya canza. Ubanku yakan ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Uwar gida, miyar albasar nan ta yi sanyi har ta fara tunanin zama cuku." Firmin ya yi ta kuka ƙudan zuma na bin kunnensa. Ba zan ba ku haƙuri a kan wannan ba. Kun ci miya mai sanyi, kun kuma girma.

Sau ɗaya aka kai shi Paris baje koli. Wani mai rubutu a jarida ya ce ya ga hoton wani iyali da ƙyanda ta kama gaba ɗaya, yana kuma yi musu fatan sauƙi. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Ubanku ya karanta a fili sau biyu, ya shafa wuyansa ya ce, "To ni da ba a ga fuskata ba, na tsira ke nan?" Ya ɗauko amalanke ya je tasha ya dawo da zanen gida. Shekara ashirin ba wanda ya tambaye shi. Yanzu da masu kuɗi suka ji an ce ƙyandar nan ita ake yayi, sai ga dillalai a ƙofata suna cire mini hula.

A watan Janairu, Octave, ka zo da ɗayansu, wai shi Lacaze. Ya tsaya gaban zanen yana auna shi da sandarsa kamar mahauci a gaban sa. Ya ce ya yi girma, ba falon da zai ɗauke shi. Amma in aka sa wuƙa za a fitar da fuska uku masu kyau, tsakiyar tebur kuma, burodi da kwalba da tuffa, ta zama hoto na huɗu, wanda ya ce shi zai fi saurin shiga. Na tambaye shi, mijina fa? Ya yi murmushi ya ce, "Uwargida, ba mai sayen ƙeyar mutum." Kai kuma ka sunkuyo ka ɗaga murya kamar kurma ce ni, ka ce, "Mama, abin hankali ne. Kowa ya ɗauki nasa, ba sai mun haɗu ba." Da Sidonie ta kai wa Firmin labari a shago, bai ko ajiye zarto ba, ya ce, "A yanka ɗin. Da in haɗa bango da wancan, gara in rataya rabi." Shekara tara ina roƙon Allah ya sa bakinku ya zo ɗaya a kan wani abu. Ya amsa mini, sai ya zama a kan wuƙa ne. Zuciyata ta ƙuna ranar fiye da ranar jarida.

Ba na ganin laifin Lacaze, sana'arsa yake yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu ku saurari maganar mai aikin, ba maganar uwa ba. Ku je ku duba kumatun Octave a zanen. Akwai ja a gefen hagunsa, daga kunne zuwa haɓa. Ba jininsa ba ne, rana ce ta ratso laimar Sidonie ta sauka a kansa. In kuka yanke laimar, abin da zai rage shi ne saurayi mai shatin mari. Ku duba hannun Firmin a kan tebur. Rawayar da ke bayansa daga malafar Octave ta zo. Ku cire malafar, ku ba mutane yaro mai ciwon shawara. Shuɗin da ke ƙarƙashin haɓar Octave kuwa, wanda ya sa fuskarsa ta tashi daga ƙyalle har take kama da ta mai rai, rigar Firmin ce ta ba shi. Haka hasken waje yake aiki, ba ni na ƙirƙiro ba. A ɗaki mai duhu, inda malaman zane suke zaunar da mutum, kowa da launinsa. A ƙarƙashin bishiya da tsakar rana ba wanda yake da launin kansa. Shi ya sa na hana ku tashi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa in ɗaya ya tafi kama ruwa nakan ajiye burushi.

Ƙeyar da ba mai saye kuwa, ita ce duhu ɗaya tak a cikin zanen gaba ɗaya. Faɗin bayan nan cikin tsohuwar rigarsa ruwan ƙasa, shi ya sa farin ƙyallen yake fari, shi ya sa fuskokinku suke haske. Ku rufe shi da tafin hannu daga nesa ku gani, komai zai dusashe. Ubanku ya ba ni baya ne don ya ce shi ba zai iya zama a ƙura masa ido ba, gara ya riƙa kallon 'ya'yansa. Bazara uku yana kallonku. Ba mu da hotonsa ko ɗaya ban da wannan, kun sani, bai taɓa yarda ya shiga shagon mai ɗaukar hoto ba. Shi ne abin da za a share daga ƙasa tare da ɓarɓashin ƙyalle in an gama yanka.

Na biyar, rigimarku. Na faɗa muku abin da ya faru ba sau ɗaya ba, kowa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Ga shi a rubuce, gaba ɗayansa.

Gaskiya ne ubanku ya ce kada a kawo masa fada in ajalinsa ya zo. Tun yana saurayi ya daina shiga coci, sai dai in gyaran benci aka kira shi. Gaskiya ne kuma Octave ya kawo fada lokacin da Firmin ya tafi kiran likita. Firmin, kana cewa an shigo da shi ta bayan gida kamar ɓarawo, an ci amanar mutumin da ba ya iya tashi. Octave, kana cewa ubanku ya tuba a ƙarshe, ka ceci ransa. Duk ku biyun ba daidai ba ne, ni ce a bakin gadon. Idonsa biyu. Ya dubi fada, ya dubi Octave da ke tsaye a bakin ƙofa, sannan ya jawo hannuna ya ce a hankali, "Ba shi kujera, Léontine. Yaron nan tsoro yake ji." Fada ya zauna ya yi addu'arsa. Ubanku bai ce amin ba, bai kuma ce a fita ba. Da aka gama ya tambayi fada ko bencin gaba da ya gyara masa ya daina motsi.

Bai canza ra'ayi ba, Firmin, ba wanda ya karya shi. Ba a kuma yaudare shi ba, shi ya ba da kujerar. Ya ga ɗansa cikin tsoro, sai ya ga ɗan ya fi ra'ayin. Shi mai gawar ya yafe tun kafin ya zama gawa, ku kuma kun ɗauki shekara tara kuna yi masa faɗan da bai sa ku ba. Sidonie ta gaji da zama masinja. 'Ya'yan Octave sun wuce ta gaban shago bara, ba su san mutumin da ke feƙe katako a ciki baffansu ba ne. Wannan abin kunya ne, na kuma faɗa.

Ban ce ku so juna gobe da safe ba. Na ce babba ya fara, don shi ne babba. Octave, ka shiga shagon, ka cire hula, ka tambayi ƙanenka yaya aiki. Firmin, in ya shigo ka ajiye zarto. Zumunta a ƙafa take, ba a aika ta.

Na shida, kuma na ƙarshe. Na tambayi lauya ko zan iya hana ku yankawa. Ya ce a'a. Zanen da ɗakin da yake ciki na bar muku ku uku a haɗe, amma doka ba ta tilasta wa kowa zaman tarayya, duk ranar da ɗaya ya ce a raba, za a raba. To ban da iko, roƙo kawai nake da shi, ga shi.

In har sai kun yanka, kada Lacaze ya riƙe wuƙar, kada wani baƙo ya shiga. Ku uku kawai. Ku bari sai watan Yuni, da tsakar rana, a buɗe tagogi duka. Kafin kowa ya matsa kusa, ku tsaya a bakin ƙofar ɗakin ku dube shi daga nan.

Ga dalili. Irin zanena ba a ganinsa da hanci a jiki. Kusa da shi ɗigo-ɗigo ne da shafe-shafe, mai jarida bai yi ƙarya ba. Sai an ja baya launukan suke haɗuwa su zama mutane. Lokacin da ubanku ya mayar da tsohon ɗakin ciyawa ɗakin aikina, ya kafa zanen a bango, ya ce in yi ta ja da baya har in kai inda nake tsayawa a lambu sanda nake zana ku. Da na tsaya sai ya ja layi da alli a ƙasa, a nan ya fasa ƙofa. Shi ya sa take a karkace, ba a tsakiyar bango ba, ba kuskuren awo ba ne kamar yadda Firmin yake zato.

Kun taɓa tambayata, kuna yara, me ya sa ba ni cikin hoton. Akwai kujera huɗu, ba ta biyar. To wurina ke nan, bakin ƙofar nan. Wanda ya tsaya a nan yana tsaye ne inda uwarku ta tsaya, yana ganinku yadda ta gan ku, dukkanku a kallo ɗaya, ba wanda ya ɓace. Ban taɓa yin farin ciki irin na wannan wuri ba, ko kafin nan ko bayan nan. In aka raba zanen huɗu, kowane yanki za a kalle shi daga wani wuri dabam, a wani gida dabam, wannan wurin kuma babu shi. Ba ubanku kaɗai za ku share ba.

Ƙofar ƙarama ce. Mutum uku ba za su tsaya a cikinta ba sai kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Sidonie, kada ki shiga tsakiya, kin yi naki. Ki tsaya a gefe ki bar su su matsu. Ku daɗe kuna kallo. In bayan haka akwai wanda hannunsa zai iya, to ya ɗauki wuƙa, na yafe masa tun yanzu, ba zan bi kowa da baki ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Octave, Allah ya cire maka tsoro. Firmin, Allah ya sanyaya maka zuciya. Sidonie, Allah ya ba ki rana mai kyau da hannu mai ƙarfi, ya saka miki abin da kika yi mini. Na gode wa Ubangiji da ya ba ni ido, ya kuma ba ni abin kallo. Ban bar muku suna mai girma ba, na bar muku juna, ku riƙe. Ku ci abinci tebur ɗaya ko da sau ɗaya ne a shekara, ku ci da zafinsa, ba mai hana ku ɗaga cokali yanzu.

Na sa hannu da cikakken suna, kamar yadda nake yi wa aikin da na gama.

Mahaifiyarku,
Léontine Chaveau